Buftek ba fulawa ba buksumat: amsa ga uwar gida mai girki wa mai ciwon suga da mai ciwon alkama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gadarif, ƙasar Sudan. Mai gidana yana da ciwon suga, likita ya ce ya rage burodi da kisra (siririyar gurasar dawa) da duk abin da ke da sitaci. 'Yata mai shekara 9 kuma an gwada ta an ce tana da siliyak, ba ta cin alkama ko kaɗan. Dukansu suna son buftek, wanda Turawa ke kira shinitsel, wato fallen nama da ake lulluɓewa da gari kamar riga a soya. Na gwada yin shi da garin gyada maimakon fulawa da buksumat (garin busasshen burodi), sai ya ƙone ta waje, rigar ta saɓule a cikin mai, naman kuma ya ƙi taunuwa. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba mai gida lafiya, ya raya yarinya. Abubuwa ukun da kika lissafa duk suna da magani, kuma gyadar da kika ɗauka ba ita ce mai laifi ba, kin ma kama hanya. Ƙonewar daga wuta take, saɓulewar riga daga danshin nama, taurin kuwa tun a teburin mahauci aka samo shi. Amma kafin mu ɗora kasko bari mu raba marasa lafiyar nan biyu, don mutane kan cakuɗa larurarsu su ɗauka abu ɗaya ne, a ƙarshe a takura wa wanda bai kamata ba, a sakar wa wanda ya kamata a kiyaye.

Abin da ke cutar da yarinyar shi ne gulutin, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta afka wa bangon ƙaramin hanji, 'yan tsirgar da ke tsotse abinci su lalace, daga nan sai ƙarancin jini, kumburin ciki, zawo da rashin girma. A wurinta babu zancen "ɗan kaɗan ba komai". Ma'aunin da aka amince da shi a duniya kafin a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligram 20 a cikin kilo guda. Ɓurɓushin burodi da ya saura a kan allon yanka ya isa ya ƙetare wannan iyaka. Sitaci kuwa ba ruwanta da shi. Ta ci shinkafa, dawa, gero, masara, dankali da rogo ta ƙoshi. Yarinya ce mai tasowa, kada a saka ta cikin takurar babanta.

Shi mai gida, gulutin ba ya yi masa komai. Abin da ke ɗaga masa suga shi ne yawan sitaci da sukari, ko daga alkama suka fito ko daga dawa. Shi ya sa buhun garin da aka rubuta wa "babu gulutin" a kanti ba zai amfane shi ba, yawanci garin shinkafa ne da na masara da nisha, wato garin sitaci zalla. Ki duba lissafin a gram 100: fulawa tana da sitaci wajen gram 76, buksumat wajen 72, garin shinkafa 80, nisha ta haura 90, garin waken kabkabe da ake ta'amiyya (wani irin ƙosai) da shi wajen 58. Gyada kuwa gram 16 ne kacal, kuma rabinsa faiba ne, wato ɓangaren da hanji ba ya narkarwa balle ya zama suga. Riɗi gram 23, shi ma rabi faiba. Lauz, wato almon, da masu girkin intanet ke ta zuzutawa yana da wajen 22. Ke nan abin da ake sayarwa da buhu a kasuwar Gadarif bai gaza lauz da komai ba sai tsada. Nama ba shi da sitaci ko kaɗan, ƙwai kuma bai kai gram ɗaya ba. Buftek ɗin da zai haɗa su biyu a faranti ɗaya shi ne wanda aka yi wa riga da 'ya'yan mai: gyada, riɗi, agushi.

Asalin abincin na birnin Viyana ne a Ostiriya, sunansa ya bayyana a littafin girki tun 1831, kuma mutanen Milan a Italiya suna da nasu mai kama da shi. A Ostiriya ba a yarda a kira shi shinitsel ɗin Viyana sai in da naman maraƙi aka yi. Wannan ya shafi tambayarki kai tsaye: girkin an gina shi ne a kan nama mai laushi na ɗan maraƙi, mu kuwa abin da mahauci ke ratayewa galibi sa ne da ya sha tafiya a daji, tsokarsa ta ƙeƙashe. In kika bi umarnin littafinsu da irin namanmu ba tare da gyara ba, dole haƙori ya sha wahala. Wani abu kuma da nake so ki lura da shi in kina duba girke-girken masu rage sitaci a waya: da yawansu suna yin rigar da soyayyar fatar alade da aka niƙa, wasu kuma su soya da kitsensa. Da kin ga haka ki wuce.

Mu koma wurin mahauci. In da hali ki nemi tantaƙwashi, abin da mahautan nan ke ce wa filatu, naman da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya wanda ba ya aiki, shi ya sa ya fi kowanne laushi. In ya yi tsada, kuma yana yi, ki karɓi tsokar cikin cinya, dunƙule guda mara kitse mara jijiya a tsakiya. Naman ijil, wato ɗan bijimi da bai tsufa ba, ya fi na babban sa. Ki guji wuya, ƙauri, ƙirji da kafaɗa. Waɗannan naman miya ne, jijiyarsu ba ta narkewa sai an daɗe ana dafawa, buftek kuwa minti huɗu yake yi a wuta.

Kada ki bari mahauci ya sassara miki shi gunduwa-gunduwa. Ki ce ya ba ki tsokar a dunƙule, rabin kilo ko gram 600 ya ishi mutum huɗu. A gida ki sa wuƙa mai kaifi ki ɗaye farin yaɗin nan mai sheƙi da ke manne a jikin tsokar. Shi ne ke takurewa da ya ji zafi, ya nannaɗe naman ya karya rigar. In naman yankan ranar ne, ki bar shi ya kwana a firji, domin tsoka tana sandarewa 'yan sa'o'i bayan yanka kafin ta sake saki, kuma wanda ya soya a wannan tsakanin ya soya nama a mafi taurin halinsa. In wuta ta ba da dama, ki sa shi a firiza minti 30 zuwa 40 kafin yanka, ya ɗan yi ƙarfi ba tare da ya daskare ba, wuƙa za ta fi bin sa daidai.

Ki dubi tsokar da kyau za ki ga zare-zare sun miƙe sun nufi gefe ɗaya. Wuƙarki ta gitta zaren nan, kada ta bi shi. Wannan shi ne rabin maganin taurin da kika yi kuka da shi. Idan kika yanka a gicciye, kowane zare ya zama guntu, haƙori ba ya shan wahalar tsinka shi. Idan kika bi tsawonsa, ko kwana kika yi kina duka ba zai yi laushi ba. Ki fitar da fallaye masu kaurin santimita ɗaya, sannan ki sa kowanne tsakanin leda biyu ki buga. Gudumar nama ta gefen da ba shi da haƙora, ko gindin ƙaramar tukunya mai nauyi, ko ƙaramar taɓarya, duk suna yi. Ki fara daga tsakiya kina tura shi zuwa gefe, a hankali, ba duka na fushi ba, kada ya huje. Abin da ake nema milimita 4 zuwa 5, ya fi na kilishi kauri, ya yi kusa da fallen da masu agashe ke tsirewa. Kuma ya zama kaurin ɗaya ne ko'ina, domin in gefe ɗaya ya yi tudu, kafin ya nuna rigar ɗaya gefen ta ƙone. Ki ɗan tsattsaga bakin fallen da wuƙa wuri uku ko huɗu don kada ya lanƙwashe.

Idan kin san naman na tsohon sa ne, akwai dabarun ƙara laushi. Wadda na fi yarda da ita ita ce bikarbona: rabin cokalin shayi a rabin kilo, ki murza a jikin fallayen, ki bar su minti 20, ki wanke sosai. In ta yi yawa ko ta daɗe, naman zai yi santsi da ɗanɗanon sabulu. Ruwan albasa da aka goga aka tace shi ma yana taimakawa yana kuma ba da ƙamshi, haka Misirawa ke jiƙa nasu, awa biyu zuwa kwana a firji. Zabadi ko rob, wato yogot ko nono, ma haka. Ɗanyar gwanda tana aiki da ƙarfi ƙwarai, a kan falle mai sirantaka irin wannan minti 15 ya isa, in aka wuce sai naman ya dagargaje ya rasa jiki. Lemon tsami dai ki ajiye shi sai an zo ci. Jiƙa siririn nama a cikinsa na tsawon lokaci yana sa bayansa ya yi fari ya bushe.

Duk wadda kika bi a cikinsu, matakin da ke biye shi ne wanda yawancin mata ke tsallakewa: busar da naman. Ki shimfiɗa fallayen a kan tsumma mai tsabta ko takardar kicin, ki danna sama da ƙasa har sai kin taɓa kin ji ba ruwa. Dalilin saɓulewar rigarki ke nan. Fulawa tana shanye danshi ta zama danƙo ta riƙe ƙwai, shi ya sa mai amfani da ita ko ta yi sakaci ba ya nunawa. Gyada kuwa mai ne da ita, ba ta shan ruwa haka. Ruwan da ya saura tsakanin nama da riga, da ya ji zafi sai ya zama tururi ya ɗaga rigar ya yar. Gishiri ma ki sa shi daf da lokacin sa riga, don in ya daɗe a jikin nama yana jawo ruwa waje.

Yanzu rigar. Gyadar da aka soya aka daka kai tsaye mai ya yi mata yawa, tana dunƙulewa, in aka ƙara daka ta kuma ta koma dakwa, wato laɓun gyada. Abin da ya fi shi ne wadda aka matse man, wato tunkuza ko ƙuli-ƙuli, irin garin da mutanenmu ke barbaɗa wa agashe tun kaka da kakanni. Bambancin biyun yana da muhimmanci a nan. Ƙuli-ƙuli an riga an soya shi ya yi ja, in ya sake shiga mai sai ya yi duhu da wuri. Tunkuzar da aka baza ta bushe ba tare da an soya ba ta fi haƙuri da wuta, launinta ya fi fitowa ruwan zinare. In ƙuli-ƙuli kika samu, ki zaɓi mai haske, wanda ba a sa wa sukari ba. Ki sani kuma cewa cire mai yana tattara sauran abubuwan da ke cikin gyada, don haka sitacin garin ƙuli ya kai kusan ninki biyu na ɗanyar gyada. Duk da haka bai kai rabin na buksumat ba, kuma rabinsa faiba ne.

Ga haɗin da nake ba mutane na fallaye huɗu manya: gram 60 na garin tunkuza ko ƙuli, gram 40 na farin riɗi ɗanye. In babu sikeli, wajen babban cokali 8 na garin da 4 na riɗi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Riɗin kada ki soya shi, zai soyu da kansa a kasko. Ki raba shi biyu, rabi ki bar shi ƙwaya-ƙwaya, rabi ki ɗan farfasa a turmi bugu kaɗan, ki tsaya kafin ya fara fitar da mai. Ƙwayoyin su ke ba da ƙaras-ƙaras ɗin da buksumat ke bayarwa, farfasasshen kuma ya cike ramukan da ke tsakani. Garin ƙulin ki tankaɗe shi da rariya. Mai laushin da ya zubo ki ware babban cokali biyu ko uku a faranti daban, shi zai tsaya a matsayin fulawa. Tsakin da ya saura a rariya ki ɗan ƙara daka shi ki haɗa da riɗin. Masoro, garin tafarnuwa, 'yar citta da barkono gwargwadon bakin yarinya, a cikin ƙwai za ki kaɗa su ko ki shafa wa naman, domin kayan yaji da ke waje a jikin riga su ne farkon ƙonewa, tafarnuwa musamman, kuma in ta ƙone ɗaci take yi.

In aka lissafa, wannan haɗin gaba ɗaya sitacin da jiki zai narkar bai wuce gram 15 ko makamancinsa ba, kowane falle wajen gram 4. Wanda aka yi da fulawa da buksumat kan kai gram 20 ko fiye a falle guda. Ga mai awon suga wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Agushi da aka niƙa ba sosai ba yana iya maye gurbin ƙulin ko a raba su rabi da rabi, kuma shi ne mafita in a gidan akwai wanda gyada ba ta karɓe shi ba. Lauz ma yana yi in an kawo miki tsaraba daga Saudiyya, ba na dai ganin dalilin sayensa da tsada. Cuku mai tauri irin rumi na Masar, in aka goga babban cokali biyu a cikin haɗin, yana narkewa ya ɗaure rigar ya ƙara ƙarfi, sai a rage gishiri. Jibna baida tamu, wato farin cuku, ruwa ne da ita da gishiri mai yawa, ba ta dace da nan ba.

Zan ɗan tsaya a kan inda za ki samo garin, don a nan ne gizo ke saƙa ga yarinyar. Garin agashe da ake sayarwa a ƙulle ba ki san abin da aka zuba masa ba, mai neman auki ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ƙara fulawa ko busasshen burodi. Injin niƙa na unguwa da ya niƙa alkama da safe, garin da ya biyo baya duk ya ɗebi rabonsa. Dunƙulen miya wasu suna da alkama a ciki, sai an karanta bayan kwalin. Haka ruwan waken soya mai gishiri na kwalba, yawancinsa da alkama ake yi, kuma konfilas da wasu ke murƙushewa su yi riga galibi akwai tsimin sha'ir a cikinsa. Kisra kanta, da ake ɗauka dawa ce zalla, masu yi da yawa suna ƙara mata fulawa don ta yi laushi ta ɗagu a kan doka. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ki sayi gyadarki, ki soya sama-sama, ki murje, ki niƙa a na'urar gida ko turmin da kika keɓe, ki matse man da kanki. Aiki ne, amma in kika yi da yawa ya bushe sosai zai yi makonni a kwalba mai murfi, man da kika samu kuma riba ce. Ki keɓe mata rariya, allon yanka da cokalin katako, kuma man da aka taɓa soya wani abu mai fulawa a ciki, sambusa ko zalabiya, kada ya kusanci abincinta.

Gyadar ma ki tsince ta da kyau. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse, ta yi fumfuna ko ɗaci, ki zubar. Fumfunar gyada tana haifar da dafin afalatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Saboda haka ne ma ba na son ki sayi umbaz na masana'antar mai da ake sayarwa don dabbobi ki ce za ki yi girki da shi, komai arharsa.

Ki jera faranti uku: garin mai laushi, ƙwai biyu da aka kaɗa da cokali ɗaya na ruwa, sai haɗin riɗi. Ki barbaɗa wa fallen garin farko sama-sama ki kakkaɓe, ki tsoma a ƙwai ki ɗaga ya tsane sosai, sannan ki kwantar da shi a kan haɗin ki rufe shi da shi. A nan za ki saɓa wa masu girkin Viyana. Su ba sa danna buksumat, suna so rigar ta kumbura ta rabu da naman ta yi tudu-tudu. Da gyada da riɗi wannan kumburin ba zai samu ba, kuma kada ki neme shi. Ki danna da tafin hannu da kyau, gaba da baya, har ƙwayoyin su nutse a cikin ƙwan. Sai ki jera su a tire ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ki sa a firji minti 15 zuwa 20, ko wuri mai sanyi in babu wuta. A wannan hutun ne garin ke shan ƙwai ya kama jikin naman. Wanda ya jefa a mai nan take shi ke ganin riɗi na yawo a kasko.

Mai ya zama mai yawa yadda fallen zai ɗan yi iyo, zurfin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mata kan rage mai don tausayin mai ciwon suga, amma a ɗan mai kaɗan naman yana zama a gindin kasko, inda ya taɓa ƙarfe ya ƙone, inda bai taɓa ba ya zauna fari. Turawan da man shanu da aka tace suke soya nasu, wato samin ɗinmu, kuma ya fi komai daɗi, yana jure zafi tunda an raba shi da ruwa da ƙullun madara. Man gyada tatacce na kanti shi ma yana jurewa. Man gyada na gida da man riɗi na assara suna saurin hayaƙi, man riɗin kuma ƙamshinsa yana danne na nama. Ni nakan haɗa man gyada tatacce da babban cokali biyu na samin, a samu ƙamshi ba a kashe kuɗi da yawa ba.

Zafin da ake soya buksumat da shi, digiri 175 zuwa 180, ya yi wa gyada yawa. Ki tsaya tsakanin 160 da 165. In babu ma'auni, ki jefa 'yan ƙwayoyin riɗi: in suka taso suna 'yar ƙara a hankali, suka ɗauki kamar rabin minti kafin su fara canza launi, man ya yi. In suka yi ja nan take ki sauke kaskon ya huce. A kan gas matsakaiciyar wuta ce. A kan kanun kuwa ki bari gawayin ya ruru ya yi farin toka, ki baza shi, ki rage wasu a gefe, domin gawayi ba a murɗa shi a rage, sai dai a ɗaga kasko. Kasko mai kaurin gindi ya fi riƙe zafi daidai.

Falle ɗaya ko biyu a lokaci guda, kada ki cika kaskon, in ba haka ba man ya huce rigar ta sha mai ta yi laɓo-laɓo. Ki kwantar da shi ki ƙyale shi minti ɗaya cur ba taɓawa, ƙwan ya daskare tukuna. Bayan nan ki riƙa ɗan girgiza kaskon, ko ki ɗebo man da cokali kina zuba masa a sama. Minti biyu, ki juya sau ɗaya da faffaɗan cokali, ba da cokali mai yatsu ba, ki ba ɗaya gefen minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki tsame shi tun launinsa bai kai yadda kike so ba, domin gyada tana ci gaba da yin duhu bayan ta bar wuta. Kada ki ji tsoron ko cikin bai nuna ba. Tsokar sa da ba a niƙa ba tana isa ci in cikinta ya kai digiri 63 ta ɗan huta, falle mai milimita 5 kuwa yana wuce haka kafin rigar ta soyu. Ƙarin minti biyu "don a tabbatar" shi ke mayar da nama mai laushi busasshe. Tsakanin zubi da zubi ki tsame ɓurɓushin da ya zube da matsami, in ba haka ba zai ƙone ya manne wa na gaba ya sa shi ɗaci. Wanda ya fito ki ɗora shi a kan raga ko ki jingina shi a matsami iska ta ratsa, kada ki jibga su ki rufe, tururi zai jiƙa rigar.

Tanda ma tana yi: ki shafa wa fallayen mai gaba da baya, digiri 200, minti 10 zuwa 12, a juya a tsakiya. Ba ya kai na kasko daɗi, gaskiya, amma ya fi ƙarancin mai. Wannan abin dubawa ne in likita ya ce mai gida ya rage ƙiba ko kitsen jini, domin rage sitaci bai mayar da soyayyen nama mai rigar gyada abincin kullum ba. Sau ɗaya a mako, falle ɗaya babba, ya wadatar.

A Viyana da yankan lemon tsami da salatin dankali ake kawo shi. Lemon ki riƙe, yana yanke maiƙo. Dankalin ki ba yarinya, ko shinkafa, ko asidar dawa zalla da kika san inda aka niƙa ta. Mai gida kuwa ki cika masa rabin faranti da ganyen jarjir, ajjur (wani irin kokwamba) da tumatir, ko salatin rob da kokwamba, ko salatin aswad (baƙin yalo), ko ɗan lalo ko kuɓewa a gefe, da shatta, wato yajin barkono. Salatin dakwa yana tafiya da shi, sai dai gyada a kan gyada nauyi ne, ki rage dakwar. Gurasa da burodi kada su hau tiren gaba ɗaya, shi don suga, ita don ɓurɓushi, tunda hannu ɗaya ke yagar burodi ya koma cikin kwano.

Ki tambayi mai gida wane magani yake sha. In allurar insulin ce, ko ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid da gilimefiraid masu tilasta wa jiki fitar da insulin, to ranar da ya ci nama da ganye kawai ba tare da sitaci ba sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo, ya ji rawar jiki, gumi da jiri. Ya gaya wa likitansa cewa ya rage sitaci don a daidaita masa adadin maganin, ya auna kafin cin abincin da awa biyu bayansa a karon farko, kuma a ajiye dabino ko sukari kusa. In yana da matsalar ƙoda, yawan naman ma sai likita ya ƙayyade.

In kina so ki yi da yawa ki ajiye, ki sa musu riga ɗanye, ki jera da leda a tsakani ki daskarar, ranar buƙata ki soya su a daskare a wuta mai ɗan sauƙi, ki ƙara minti ɗaya kowane gefe. Amma inda wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, nama mai ƙwai a jiki da ya narke ya sake daskarewa ba abin ci ba ne. A irin wannan hali garin rigar kawai za ki tanada a kwalba, naman kuma ki saya ki buga ki soya a ranar ko washegari. Wanda ya saura soyayye ki ɗumama shi a busasshen kasko a ƙaramar wuta, minti ɗaya kowane gefe, ba tare da murfi ba.